LABARIN WAYA: A BINCIKA KAFIN A YARDA

A shekarun baya, idan saƙo zai zo ƙauye, kowa ya san hanyar da yake biyowa. Daga fadar Sarkin Dutse za a sanar da hakimi, hakimi ya aika wa dagaci, dagaci ya kira masu unguwanni, sannan mai shela ya zaga gari da yamma yana sanarwa. In wani ya yi shakka, sai ya taka zuwa ƙofar gidan mai unguwa ya tambaya. Saƙo yana da mai shi, an kuma san inda za a same shi.

Yau abin ya sauya. Tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a shekarar 2001, labari ya daina jiran mai shela. Daga baya manyan wayoyi masu intanet suka zo da WhatsApp da Facebook da TikTok. Manomi a Kudai ko Sakwaya yana zaune a gindin bishiya zai ji yadda aka sayar da riɗi a Maigatari. Uwa za ta ga hoton ɗanta da ke ci-rani a Legas. Wannan ci gaba ne babba.

Sai dai waya ba ta tace abin da take ɗaukowa. Yadda take kawo gaskiya haka take kawo ƙarya, cikin sauri ɗaya, da rubutu iri ɗaya. Aikin tacewa ya koma hannun mai wayar. Don haka ya kamata kowane mai karatu ya san yadda ake gane labarin da za a dogara da shi.

DAREN GISHIRI

Manya da yawa ba su manta da abin da ya faru a watan Agusta na 2014 ba. A ranar 20 ga Yuli na shekarar, wani matafiyi mai suna Patrick Sawyer ya sauka a Legas daga Laberiya ɗauke da cutar Ebola. Cuta ce mai saurin kisa, hankalin jama'a ya tashi ƙwarai.

Ana cikin wannan fargaba, a daren Alhamis wayewar Juma'a 8 ga Agusta, wani saƙo ya fara yawo a waya. Saƙon ya ce kowa ya yi wanka da ruwan zafi da gishiri kafin gari ya waye, ya kuma sha, wai hakan zai tsare shi daga Ebola. 'Yan'uwa suka dinga kiran juna cikin dare. Maƙwabci ya buga wa maƙwabci ƙofa. Kafin hantsi labarin ya karaɗe ƙasa, Kudu da Arewa.

A ranar nan gwamnatin tarayya ta fito ta ƙaryata maganar. Ministan lafiya na lokacin, Farfesa Onyebuchi Chukwu, ya bayyana cewa gishiri ba ya maganin Ebola. Amma aikin gama ya gama. Jaridu sun ba da rahoton mutuwar aƙalla mutum 2 a Jihar Filato, aka kuma kwantar da kimanin mutum 20 a asibiti saboda shan gishiri fiye da kima.

Dalili kuwa a fili yake ga ma'aikatan lafiya. Ebola tana shiga jiki ne ta hanyar taɓa jini, ko amai, ko kashi, ko gawar mai cutar. Ruwan gishiri ba ya kashe ƙwayar da ta shiga jini. Shi kuma gishiri in ya yi yawa a ciki, yana tayar da hawan jini, yana wahalar da ƙoda, yana jawo gudawa da ƙishirwa mai tsanani.

A ƙarshe mutum 20 ne suka kamu da Ebola a Nijeriya, 8 suka rasu. An same su ne a Legas da Fatakwal. A ranar 20 ga Oktoba 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar cewa cutar ta ƙare a ƙasar nan. Ebola ba ta kashe kowa a Arewa ba. Labarin gishiri ne ya yi kisa.

ME YA SA AKA YARDA?

Waɗanda suka yi wankan gishiri ba wawaye ba ne. Cikinsu akwai malamai da ma'aikata da 'yan kasuwa. Abubuwa uku ne suka taru.

Na farko, tsoro. Mai jin tsoro ba ya tsayawa dogon tunani.

Na biyu, gaggawa. An ce a yi kafin asuba. Cikin dare babu asibitin da za a je tambaya, babu malamin lafiya a kusa.

Na uku, saƙon ya zo ne daga bakin masoyi. Ɗa ne ya kira mahaifiyarsa, yaya ya kira ƙanwarsa. Kowa ya yarda da wanda ya kira shi. Amma wanda ya kira ɗin shi ma ji ya yi. Gaskiyar mai kawo labari daban, gaskiyar labarin daban. Mutumin kirki yana iya ɗauko ƙarya bai sani ba.

RUBUTU BA SHAIDA BA NE

Wanda ya sha wahala kafin ya iya karatu yakan girmama rubutu. Yana da hujja. A da, kafin magana ta shiga jarida sai ta bi ta hannun edita. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939 tana da edita sananne, Malam Abubakar Imam, tana da ofis. In ta buga kuskure, an san wanda za a tuhuma.

A intanet babu wannan shinge. Duk mai waya da kuɗin data zai iya rubuta abin da ya ga dama, ya sa sunan da ya ga dama. Yaro ɗan shekara 15 zai iya kiran kansa likita. Mutum yana wata ƙasa zai iya cewa a Kiyawa yake. Saboda haka ganin magana a rubuce, ko jin ta cikin saƙon murya da Hausa mai daɗi, bai isa hujja ba.

Wanda ya je kasuwar Shuwarin sayen sa ba ya biyan kuɗi don an ce masa san lafiyayye ne. Zai duba haƙora, ya sa a ja shi ya ga tafiyarsa, ya tambayi dillali ko ya san mai shi, don kada ya sayi na sata. Irin wannan dubawa labari yake bukata. Ga tambayoyi biyar da za su taimaka.

TAMBAYA TA 1: WA YA FAƊA?

A nemi asalin mai maganar, ba wanda ya turo ba. Labarin da ya fara da "an ce", ko "wani babban likita ya ce", ko "majiya mai tushe", alhali babu suna, babu wurin aiki, labari ne marar uba.

Malaman hadisi sun daɗe da wannan aiki. Imamu Buhari da Imamu Muslim ba su karɓi magana don ta yi daɗi ba. Sai sun bi mutanen da suka ruwaito ta ɗaya bayan ɗaya, sun san halin kowane. Aya ta 6 a Suratul Hujurati ma ta yi umarni a binciki labari kafin a yi aiki da shi, don kada a cuci wasu cikin rashin sani.

WhatsApp yana da alamar da ke taimakawa. In an ga 'yar kibiya a saman saƙo, wanda ya turo ba shi ya rubuta ba. In kibiyar biyu ce, saƙon ya bi hannu aƙalla 5 kafin ya iso. Mai turowa bai san mafarinsa ba.

In an sami sunan mai maganar, sai a ƙara tambaya: fanninsa ne? A watan Maris na 2020, lokacin cutar korona, shugaban Amurka na lokacin, Donald Trump, ya yabi maganin zazzaɓin nan kulorokwin. Cikin 'yan kwanaki hukumomin lafiya na Jihar Legas suka sanar cewa an kwantar da mutane a asibiti saboda sun sha shi fiye da kima. Babban mutum ne ya yi maganar, amma ba likita ba ne. Girman kujera ba ya zama ilimin magani.

TAMBAYA TA 2: YAUSHE NE, KUMA A INA?

Labarin gaskiya yakan faɗi rana da wuri. Na ƙarya yakan ce "jiya da dare", ko "yanzu-yanzu", ko "a wani ƙauye". Saƙon da ya ce "jiya" zai iya shekara 3 yana yawo, kullum jiyan ba ta wucewa.

An fi yin wannan ha'inci da hoto. A ɗauko hoton tsohuwar ambaliya a ce ta bana ce. A ɗauko na wata ƙasa a ce nan ne. A watan Yuni na 2018, lokacin wani rikici a Jihar Filato, hotuna masu tayar da hankali sun bazu a Facebook. Binciken da BBC ta yi daga baya ya nuna cewa wani bidiyon da aka yaɗa ba a Nijeriya ma aka ɗauke shi ba. A Kwango Barazabil aka ɗauka, tun 2012. 'Yan sandan jihar sun ce irin waɗannan hotuna sun ƙara rura wutar. An tare hanya, aka kashe matafiya 11 da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba.

Idan hoto ya zo, a dube shi da kyau. Tufafin mutanen irin na nan ne? Lambar mota fa? Rubutun da ke jikin shaguna da wane harshe ne? An ce da rani ne, me ya sa ciyawa take kore? Matasa masu ilimin waya sun san yadda ake saka hoto a Google a ga ranar da ya fara fitowa. A nemi taimakonsu.

TAMBAYA TA 3: WA KUMA YA FAƊA?

Babban al'amari ba ya ɓuya. In gwamnati ta sauya kuɗi, ko annoba ta ɓarke, ko wani babba ya rasu, za a ji a Rediyo Jigawa, da Freedom Rediyo ta Dutse, da sassan Hausa na BBC da DW da RFI. In labari mai girma haka yana cikin waya kaɗai, an kai labaran yamma babu gidan rediyon da ya ambata, to akwai alamar tambaya.

A lura da abu ɗaya. Ganin saƙo a zaure 10 na WhatsApp ba shaida 10 ba ne. Saƙo ɗaya ne ya zaga sau 10. Shaida ta biyu ita ce wadda ta binciko da kanta.

Gidajen rediyo da hukumomi su ma sukan yi kuskure. Bambancin shi ne suna da ofis da suna da za su kare. Ana iya zuwa a same su, sukan kuma fito su gyara. Wanda ya ƙirƙiri saƙon gishiri bai zo ta'aziyyar kowa ba.

Maƙaryata sun san jama'a sun yarda da waɗannan kafofi, don haka sukan manna tambarinsu a kan labarin ƙarya. Tambari ba wuyar kwafa gare shi ba. In an ce gidan rediyo kaza ne ya faɗa, a kunna rediyon a ji, ko a shiga shafinsu na ainihi. Adireshin shafukan gwamnatin Nijeriya yakan ƙare da gov.ng.

TAMBAYA TA 4: ME MAI LABARIN YAKE SO?

Ba a ƙera ƙarya a banza. Wani kuɗi yake nema. Wani ƙuri'a. Wani so yake a tsani wata ƙabila ko wani malami. Wani kuma yawan masu kallo kawai yake so, domin kamfanonin intanet suna biyan wasu masu shafi gwargwadon yawan 'yan kallonsu.

Masu neman kuɗi su suka fi addabar karkara. Saƙo zai zo cewa gwamnati tana raba tallafi, ko taki, ko aikin yi, a latsa wani shuɗin rubutu a cike suna. Daga nan a nemi lambar BVN, da lambar katin cirar kuɗi, da lambar sirri. Wani lokaci a kira a ce daga banki ne, a karanto lambar da ta shigo waya yanzu. Duk wanda ya bayar, an kwashe abin da ke asusunsa. Banki ba ya tambayar lambar sirri, ko ta waya ko ta saƙo. Duk wanda ya tambaya ɓarawo ne.

Akwai kuma masu alkawarin riba mai yawa. A 2016 wani shiri mai suna MMM ya yi alkawarin ƙarin kashi 30 cikin 100 a wata guda. Babban Bankin Nijeriya ya yi gargaɗi, mutane da yawa ba su ji ba. A watan Disamba na shekarar aka rufe asusun masu zubi, kuɗin jama'a suka maƙale. A watan Afrilu na 2025 wani mai suna CBEX ya rushe da dukiyar mutane ta irin wannan hanya. Kuɗin sababbin shiga ake ba na farko, ranar da sababbi suka ƙare sai a nemi masu shirin a rasa. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Alamomin da ya kamata su sa mutum ya ja da baya su ne:

Saƙon da ya ce a yi sauri kafin lokaci ya ƙure.

Saƙon da ya ce a tura wa mutum 10 ko 20, ko ya haɗa mutum da Allah sai ya tura.

Saƙon da ya ce hukuma tana ɓoye wannan magana, shi kaɗai ya sani.

Magani ɗaya da aka ce yana warkar da ciwon suga da hawan jini da basir da rashin haihuwa gaba ɗaya.

Labarin da ya sa zuciya ta tafasa nan take. Mai ƙera ƙarya ya san wanda ya fusata ba ya bincike.

TAMBAYA TA 5: WA ZAI TABBATAR A NAN KUSA?

Wannan ita ce ta fi sauƙi, ita ce kuma aka fi mantawa. Matambayi ba ya ɓata.

In maganar lafiya ce, a tambayi ma'aikacin asibitin sha-ka-tafi na mazaɓa, ko a je Babban Asibitin Dutse, ko asibitin Rasheed Shekoni. Hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa tana da lambar kira kyauta, 6232. Kowane maganin da aka yarda da shi yana ɗauke da lambar hukumar NAFDAC a jikin kwalinsa.

In maganar taki ce, ko iri, ko maganin feshi, a tambayi malamin gona na hukumar JARDA. In maganar damina ce, hukumar NiMet tana fitar da hasashen ruwan sama a farkon kowace shekara, gidajen rediyo kuma suna karantawa.

In maganar tallafi ce ko ɗaukar aiki, a je sakatariyar ƙaramar hukuma, ko a tambayi kansila ko dagaci. In maganar banki ce, a taka zuwa bankin da ƙafa.

In an ce an yi faɗa ko an sace mutane a Jahun ko Birnin Kudu ko Gwaram, a kira wanda aka sani a garin. A tambaye shi: da idonka ka gani, ko kai ma ji ka yi? Direbobin tasha da suka fito daga can da safe sun fi saƙon waya sanin halin hanya.

Akwai kuma ƙungiyoyin 'yan jarida da aikinsu ke nan, bin diddigin labari. Ɗaya daga ciki ita ce Dubawa, wadda aka kafa a Nijeriya a 2018. Suna ɗaukar labarin da ke yawo su bincika, su bayyana ko gaskiya ne ko ƙarya.

GANI BAI KORI JI BA A WAYA

Hausawa sun ce gani ya kori ji. A kasuwa da gona haka ne. A waya kuwa sai an yi hattara. Yanzu akwai fasahar kwamfuta da ake kira ƙirƙirarriyar basira. Da ita ana iya kwaikwayon muryar mutum, a motsa bakinsa a bidiyo, ya faɗi abin da bai taɓa faɗa ba. Ana yi wa shugabanni da malamai da 'yan jarida haka, musamman don tallar maganin bogi ko shirin zuba kuɗi.

Wani lokaci ana ganewa. Motsin baki ba ya tafiya daidai da magana, ko muryar ta fito babu numfashi, babu hawa da sauka. Amma fasahar kullum ƙara gyaruwa take yi. Don haka in an ga sanannen mutum yana faɗin abin da bai yi kama da halinsa ba, a koma tambaya ta 3: wace kafa ce kuma ta kawo?

Ko ba a yi amfani da wannan fasaha ba, ana yanke wa'azi ko jawabi. A cire farko da ƙarshe, a bar tsakiya, ma'ana ta juye. Guntun bidiyo na daƙiƙa 30 ba ya wakiltar karatun awa guda. A nemi cikakkensa.

IDAN BA A TABBATAR BA

Wani lokaci za a yi duk tambayoyin nan amma a kasa gano gaskiya. Abin yi a nan shi ne a riƙe saƙon, kada a tura. Rubuta "Allah ya sa ba gaskiya ba ne" ko "yadda na samu haka na turo" ba ya wanke mai turawa. Magana zarar bunu ce. Saƙon da ya bar waya ba ya dawowa.

Doka ma ta yi magana. Dokar laifuffukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta tanadi hukunci ga wanda ya aika saƙon da ya san ƙarya ne don ya tayar da fitina ko ya jefa rayuka cikin haɗari.

In kuma an gano labari ƙarya ne, a sanar da wanda ya turo cikin ladabi, musamman in babba ne. A keɓe shi a ce: "Baba, na tambaya a asibiti, sun ce maganar nan ba haka take ba." Kunyata mutum a gaban jama'a yakan sa ya kafe a kan kuskurensa. Wanda kuma ya riga ya tura, ya koma wuraren da ya tura ya gyara.

Masu koyon karatu a azuzuwan manya za su iya mayar da wannan darasi. Kowane mako ɗalibi ɗaya ya kawo saƙon da ya shigo wayarsa, a karanta tare, a yi masa tambayoyin nan biyar: wa ya faɗa, yaushe kuma a ina, wa kuma ya faɗa, me yake so, wa zai tabbatar a kusa. Mata a gida su ma su yi hakan da saƙonnin murya da ake turo musu, domin maganar maganin yara da na masu ciki ta fi zuwa ta wajensu.

Bincike ba ya cin kuɗi mai yawa. Sau da yawa kira ɗaya ne, ko jiran labaran yamma, ko tattaki zuwa asibitin unguwa. Labarin gaskiya ba ya lalacewa don an jira shi kwana ɗaya. Da mutanen da suka sha gishiri a 2014 sun jira gari ya waye sun kunna rediyo, da sun ji sanarwar ministan lafiya kafin su kai kofi baki.